Yadda Yatsuna Suka Zaɓi Ƙoƙo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake ba bawa kunne, kuma yake karɓar abinsa ranar da Ya ga dama. Ni ce Hauwa'u, wadda unguwarmu a Kano ta sani da Kulu Mai Kitso. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla. Ina faɗa ne jikata kuma takwarata Ummi tana rubutawa, na kuwa ja mata kunne kada ta ƙara, kada ta rage. Yau labarin shekarar kare zan ba ku. Na san ya riga ni isa gida. Na san ana cewa Kulu ta je Dubai ta sangarce, ta ɗora kare a cinya tana yi masa kitso. To ku gyara zama, 'ya'yana da jikokina, ku ji daga bakin mai abin. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai ƙari, zan kuwa tsaga muku su gida-gida.

Bayan rasuwar Malam, ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa sai dai in ce Baban Ummi, ya ɗauko ni ya kawo ni nan unguwar Karama a Dubai. Shi yana aikin albashi a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, matarsa Maryama tana aikin jinya a asibiti, Ummi tana makaranta. Gidan filat ne can sama, sai an shiga lif an runtse ido. Gari na wayewa kowa zai fice, a bar ni da sanyin esi da farin bango. Ni da tsakar gidana ba ta rabo da mata, wannan ta ɗaga kai daga cinyata waccan ta ajiye nata, tun hantsi har la'asar sakaliya, sai ga hannuwana a zaune kamar baƙin da ba a san da zuwansu ba. Maryama shagon gyaran gashi take zuwa, ba na ganin laifinta. Kan Ummi kaɗai ya rage mini, shi ma sai ranar hutu, ita ma tana mutsu-mutsu tana latsa waya. Duk da haka ba na son barin gidan. A Kano 'yata Binta ta share mini ɗaki, sai dai gidan mijinta ne, ni kuwa ba a haife ni in zauna ƙarƙashin suruki ina ɓoye tari ba. Kuma ga Ummi. Duk wadda ta ga takwararta tana girma a gabanta ta san abin da nake nufi.

Ana nan ana nan, kunnen hagu ya yi sallama, ya tafi bai waiwayo ba. Na dama ya tsaya, amma tsayuwar mai shirin tafiya. Suka kai ni asibiti aka saƙala mini wata 'yar na'ura kamar ƙwaro a bayan kunne. Ƙwaron nan in ya ga dama ya yi aiki, in ya ga dama ya yi ta fito cikin kaina. Ga shi dole in cire shi in zan yi alwala ko barci, in na cire kuwa sai in manta inda na ajiye. Ran nan da rana tsaka wani maƙwabci a ƙasanmu ya bar mai a wuta, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta kama ihu. An ce har kan titi ana jin ta. Bene gaba ɗaya ya sauka, Indiyawa da Larabawa da 'yan Filifin, wasu da cokali a hannu, ni ina zaune a falo ina tsince wake. Mai gadi ne ya tuna da tsohuwar sama. Ya buga ƙofa har hannunsa ya yi ja. Ban san abin da ake ciki ba sai da na ga wasu ƙatti masu hular ƙarfe tsaye a kaina. Na ja mayafi, na ce musu sannunku da zuwa, masu gidan ba sa nan.

Wutar ba ta ci komai ba sai tukunya da labule. Amma da Baban Ummi ya iso, na ga abin da ta ci a fuskarsa. Ya durƙusa a gabana, ya kawo bakinsa kunnena na dama.

"Inna, bizarki ta kusa ƙarewa. Wallahi in haka za a ci gaba da barinki ke kaɗai, ba zan sabunta ta ba. Gara kina Kano cikin mutane ina kewarki, da in dawo daga ofis wata rana in tarar..."

Bai ƙarasa ba. Ni kuwa na ci gaba da tsince wakena, ko da yake na daina ganinsa sosai.

Maryama ce ta zo da maganar bayan 'yan kwanaki. Mace ce mai kunya, sai da ta yi ta kewaye-kewaye. Ta ce a asibitinsu akwai wata baiwar Allah da ba ta ji, tana zuwa da wani ɗan kare da aka horar. In an danna ƙararrawar ƙofa, ko ta gobara ta tashi, sai ya zo ya taɓa ta da hanci ya kai ta wurin. Shi ne kunnenta.

"Kare, Maryama?" na ce. "A gidan da ake salla?"

Ta sunkuyar da kai. Ummi ta leƙo daga kicin.

"Kaka, ki yarda mana. In kika tafi Kano wa zan riƙa tsokana? Wa zai riƙa cinye mini cakuleti a ɓoye?"

"Allah Ya shirye ki, 'yar nema. Da wane haƙorin?"

Na ce ba zan yanke komai ba sai na ji daga malami, kuma malamin gida, ba na cikin waya ba. Baban Ummi ya kai ni Al Buteen, bakin ruwa, inda 'yan kasuwarmu suke sauka. Akwai wani dattijo Bakano mai ɗan shago a can, shi ke ja musu salla in sun taru. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ajiye kare don ado ko wasa ba namu ba ne. Amma na buƙata, irin na makiyayi da na mai gona, malamai sun yi rangwame a kansa, kuma shi a ganinsa tsohuwar da wuta za ta iya iske ta ba ta sani ba ta fi garken tumaki buƙatar gadi. Ya ce a ware masa kwanonsa, a kiyaye tsarki. Na ce na ji, amma ni ma ina da nawa sharaɗin: ƙafarsa ba za ta taka ɗakina ba, inda dardumata take. Ya ce wannan tsakanina da zuciyata ne.

Ranar hutu muka kama hanya, muka wuce Muhaisnah, har gine-gine suka fara gajiya suna bar wa yashi wuri. Matar da ke horar da karnukan 'yar Filifin ce, gajera, kakkaura, kowa Madam yake ce mata. Ita ke horarwa, ita ke yi musu wanka da aski. Tana faɗa da Turanci, Ummi tana zuba mini da Hausa a kunne. Ta ce irin da ya dace da filat da tsohuwa shi ne wanda ake kira koka sifaniyal, ƙanana ne, ba su fi ɗan akuya ba, kuma tana da biyu da suka gama koyon aiki. Dangi ɗaya ne, in ji ta, amma gida biyu, ɗaya zuriyar Ingila, ɗaya zuriyar Amurka, kuma a kai ake gane su.

Aka buɗe ƙofa. Na farko ya shigo da gudu, dabbare-dabbare kamar zabo, jela tana kaɗawa har da ƙugu. Kansa dogo ne, saman a kwance, baki ya miƙe gaba, idanu madaidaita, gashin jiki kaɗan sai 'yar geza a ƙafafu. Na biyu kuwa bai yi gaggawa ba. Ya shigo a hankali kamar wanda ya san ana jiransa, launin zuma, gashi har ƙasa yana sharar tayil, ba ka ganin ƙafafu sam. Kai zagaye, tudu guda kamar an kifa ƙoƙo, goshi ya faɗo a tsaye, baki gajere, idanu dara-dara kamar zai kawo ƙara. Kunnuwansu duka biyun dogaye ne, sun zubo kamar jelar kalaba.

"Wayyo Allah, Baba, mai zuman nan!" in ji Ummi.

"Shwayya-shwayya, bi a hankali," in ji babanta. "Ba 'yar tsana muka zo ɗauka ba."

Madam ta zauna a ƙasa tsakaninsu ta yi bayani. Ta ce mutane suna zuwa su zaɓi kai, ba su san aikin gashi suka zaɓa ba. Mai dogon kai, taza jefi-jefi ta ishe shi, a share masa kunne, a rage masa geza, kalas. Mai zagayen kai kuwa gashinsa ba ya yafiya. Rana ɗaya aka tsallake zai fara ƙullewa a hammata da bayan kunne. Ga wanka, ga aski a kai a kai, ga manyan idanun nan masu tara kwantsa, ga zafin garin nan. Ta ce kuma kada ido ya ruɗe mu. Mai aski yana iya barin gashi a tsakar kai ya mayar da shi tudu, yana iya kwashewa ya kwantar da shi. In ana son a san kai, hannu ake sawa. Sai ta dube ni, ta yi mini nuni da haɓa, tunda ni ce mai zama da shi.

Abin da ta faɗa kuwa dokata ce. Tun ina budurwa ban taɓa karɓar kitso da ido ba. Mace ta zo ta ce shuku take so, sai in ce zauna tukuna. In sa yatsu in bi goshi, in hau tsakar kai, in gangara ƙeya, in ji inda ƙashi ya tashi da inda ya lotsa, inda gashi ya yi kauri da inda ya ci baya. Sannan in ce shuku zai karɓe ki, ko kuwa ki haƙura a yi miki zane. Kuma ba ƙashi kaɗai hannu ke ji ba. Yadda mace ta ajiye kanta a cinyarki, haka halinta yake. Akwai mai ba ki kan gaba ɗaya, akwai mai riƙe rabi a wuyanta. Amma wannan kan mutane ne. Ni har na tsufa, abin da ya taɓa haɗa ni da kare jifa ne.

"A kawo mini buta kusa," na ce.

Ba su da buta, aka kawo ruwan gora. Na yi bisimilla, na miƙa hannu.

Mai kama da zabo ne ya fara zuwa. Kan nan yadda ido ya gani haka hannu ya ji, dogo, sumul, da ɗan ƙashi a ƙeya, babu ɓoye-ɓoye. Kai ne mai kyau, da na mutum ne zane zai karɓe shi. Amma ba ya tsayawa. Kafin in kai ƙeya ya juya, kafin in dawo goshi ya tafi shinshina takalmin Baban Ummi, ya dawo, ya koma. Irin yaran nan ne da sai an matse su da gwiwa. Sai mai zuman ya matso. Yatsuna suka nutse cikin gashin tsakar kai, suka yi ta tafiya kafin su isa ƙashi. Tudun gaskiya ne, amma bai kai yadda aski ya nuna ba, ɗan ƙoƙo ne ƙarami, zagaye, mai ɗumi. Ina cikin bin goshin sai ya sauke haɓarsa a gwiwata. Bai riƙe komai a wuya ba, duka ya ba ni. Sannan ya yi ajiyar zuciya. Ban ji ta da kunne ba, a gwiwata na ji ta. A bayan kunnensa yatsana ya ci karo da ɗan ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa, kuma kafin in yi shawara da kaina, yatsun nan da suka daɗe a zaune sun riga sun fara warware shi.

"Wannan," na ce.

"Inna, kin ji abin da matar ta ce kuwa?" in ji Baban Ummi. "Wancan ya fi sauƙi, ya fi zafin nama, bakinsa ma dogo ne, yana iya ɗauko miki abu. Wannan kullum sai an taje shi. Ni ina ofis, Maryama tana asibiti, 'yar nan ko nata kan ba ta tajewa. Wa zai yi?"

"Ni."

"Ke da kika ce a ajiye miki ruwa kusa?"

"Ruwan yana nan, zan wanke. Ka ga, yaro, duk abin da ke gidanka mai sauƙi ne. Wanki inji, shara inji, niƙa inji. Ka bar mini abu ɗaya mai wuya."

Ya dubi karen a gwiwata. Sannan ya ce to, amma gwaji ne. In lokacin biza ya yi kuma karen yana kai ni ƙofa, zan zauna. In ba ya yi, kare ya koma wurin Madam, ni in koma Kano. Na ce na yarda. Sunansa na Turanci bai zauna a bakina ba, sai na sa masa Ƙoƙo.

Kwanci tashi muka saba. Ummi ke fita da shi sassafe da bayan magariba, don da rana kwalta tana ƙona ƙafa. Ni kuwa da na idar da walaha sai in ɗaura zanen da na ware domin aikin, in shimfiɗa tabarma a falo, in ɗauko matajin ƙarfen da Madam ta ba ni. In fara daga ƙafafu in hauro, layi-layi, har fata, yadda ake tsifa, don ba a bi ta sama a bar ƙulli a ƙasa. In ɗaga kunne in share, in goge kwantsa, in gama da tudun kai, sannan in wanke hannu in sauya zane. Lokacin cin abincinsa kunnuwan suna faɗawa kwano, sai na yago ƙyallen atamfa ina tattara su in ɗaure a tsakar kai. In an danna ƙararrawa kuwa sai in ji sanyin hanci a ƙwaurina, in bi shi har ƙofa. Mai kawo mana ruwa ya riƙe baki, ya ce Mama ta warke.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Gashin a bushe yake. Mu kuwa a saninmu, kan da aka taje ba a shafa masa mai ba, ba a gama shi ba. Ga shi ƙawata Hajiya Talatu, 'yar kasuwa mai zuwa sarin yadi da turare, ta aiko mini da tsarabar man shanu daga gida, na gaske, mai ƙamshin nono. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. Na fara da kunnuwa. Washegari na bi gadon baya. Ƙoƙo bai taɓa son gyara irin na kwanakin nan ba. Ina shafawa yana lashewa, in ya gama da jikinsa ya bi tabarma. Ana cikin haka Talatu ta zo yi mini sallama za ta koma. Ba ta san da zamansa ba. Shi ya kai ni ƙofa na buɗe mata. Ta dubi ƙasa, ga shi yana sheƙi, kunnuwa a ɗaure da atamfa. Ta dubi tabarma, ga mataji, ga kwalbarta a buɗe.

"Innalillahi! Kulu! Man da na rungumo tun daga Kano, na yi ta roƙo a filin jirgi kada a zubar? Har da ɗankwali kika ɗaura masa?"

"Ba ɗankwali ba ne, Talatu, ɗaurin kunne ne. Shigo ki zauna."

"A'a, habibti, nan ma ya isa. Na ga abin da na gani."

Ba ta shiga ba, ko ruwa ba ta sha ba, kuma har yau in ta zo garin a ƙasa take tsayawa ta aiko in sauko. Tare muka yi 'yanmatanci, ni na yi mata kitson aure. Kafin jirginta ya huce labari ya zaga Kano, Binta ta kira tana kuka wai ana nuna ta a gidan biki. Wannan shi ne abin da zaɓina ya ci mini, kuma ban ce bai yi ciwo ba. Amma ku riƙe wannan: ɗauri ne, ba kitso ba, kuma a ranar ko cinyata bai hau ba.

Man kuwa ya yi nasa aikin. Ya kama ƙurar titi da yashi, gashi ya cuɗe ya zama kamar tsohon bargo, mataji ya ƙi shiga, gida ya ɗauki wari. Muka kai shi wurin Madam. Ta sa hannu, ta shinshina, ta tambayi Ummi, Ummi ta gaya mata. Matar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Ta ce gashin kare yana samun mansa daga fatarsa, namu ne ke neman taimako. Sannan ta ɗauko injin aski ta yi masa ƙwal-kwabo, tun daga tudun kai har jela, kunnuwa kaɗai ta ɗan raga wa. Abin da ya fito daga cikin rigar nan, jama'a! Ɗan mitsitsi, ƙafafu kamar sillen kara, kai kamar lemon zaƙi, idanu sun cinye fuska. Ummi ta yi ta birgima. Ni ban yi dariya ba, don na ga ya ji kunya.

Ashe babbar matsalar tana gaba. Tunda aka aske shi babu abin tajewa, sai na koma zaman ɗakina kamar da, in ja carbi, in kishingiɗa. Shi kuwa tun ranar farko na nuna masa iyakarsa, kuma bai taɓa ƙetarewa ba. Biza saura kaɗan, Baban Ummi ya dawo da rana babu sanarwa, yana so ya gani da idonsa. Ya danna ƙararrawa, ya danna, ya danna. Da ya gaji ya sa makullinsa. Ya tarar da Ƙoƙo a bakin ƙofar ɗakina, ƙafafun gaba daidai kan layin tayil, jiki yana rawa, yana kuka, ya dubi ƙofar gida ya dube ni. Ni kuwa na ba shi baya ina barcin rana.

"Inna, kin gani ko? Ya ji, ya zo, ya yi aikinsa. Ke kika ɗaure shi. Ko dai ya riƙa shiga ɗakin nan, ko kuwa in nemi tikiti."

"Ba zai shiga ba."

"To ya zan yi da ke, fisabilillahi?"

"Ka ba ni zuwa Juma'a."

Na zauna na yi tunani. Ƙafarsa na hana, ban hana saƙonsa ba. Na aiki Ummi ta sayo mini zaren ulu irin wanda muke ƙari da shi a kitso, na kitsa igiya doguwa, daga gadona har wajen ƙofar ɗaki. Gefe ɗaya na yi zobe da zan zura a wuyan hannu, ɗaya gefen na yi tuntu. Madam ta zo koya masa ja. Ranar farko abin ya ƙi. Na yi tuntun da kauri, bakinsa kuwa gajere, in ya kama sai ya suɓuce. Na ga maganar mai dogon baki tana yawo a fuskar Baban Ummi. Na kira Ƙoƙo falo, na sa yatsu na auna bakin, faɗinsa da zurfinsa, yadda zan auna goshin yarinya kafin kitson fari. Na warware, na sake kitsa siriri mai laushi, da ƙulli daidai inda haƙoransa za su tsaya. Madam tana danna ƙararrawa, tana nuna masa tuntu, tana ba shi ɗan nama. Yalla, yalla, har ya gane.

Ranar Juma'a Baban Ummi ya kwashi iyalinsa suka fita, ya ce ba zai gaya mini lokacin dawowa ba. Na yi azahar, na zura zoben a hannu, na juya wa ƙofa baya. Na ce yau ko za a yi yaya ba zan runtsa ba. Na jira, na jira, na ja carbi, sanyi ya yi mini dabara, barci ya sace ni. Can sai na ji an fizgi hannuna. Aka sake fizga, da ƙarfi, har carbi ya faɗi. Na tashi. Ga shi can a kan layinsa, ɗan ƙwal-kwabo, gashi ya fara tsirowa a tudun kai, ya turje da ƙafafu, tuntu a baki, idanu kamar za su faɗo. Na bi shi. Na buɗe ƙofa.

Ga su tsaye, shi da Maryama da Ummi. Ashe danna ɗaya ya yi. Ummi ta yi tsalle ta ruƙunƙume ni, Maryama ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa ya tsaya yana kallon igiyar, gefe ɗaya a wuyan hannuna, ɗaya gefen a bakin Ƙoƙo, wanda ya ƙi saki sai an ba shi namansa. Ya gyara murya kamar yana ofis, ya sunkuyo kunnena.

"Inna, Litinin da safe ki shirya. Za mu je gwajin jini da hoton ƙirji na biza."

Na dube shi, na dubi Ƙoƙo.

"Ba Litinin ba," na ce. "Litinin ranar wankansa ce. Ka gaya musu Talata."